Satar Akwatin Kallo a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ranar Litinin da safe Sista, ma'aikaciyar jinya, ta kunna talabijin ɗin ɗakin wankin ƙoda, allon ya kawo shuɗi fayau ya tsaya. Ta danna rimot, ta bubbuga shi a tafin hannu, ta sake dannawa. Shiru. Ta matsa kusa ta ɗaga kai, sai ga waya tana reto daga bayan talabijin ɗin. Ɗan baƙin akwatin da ke kawo musu kallo ta intanet babu shi.

"Kai! Wa ya taɓa abin nan?"

Marasa lafiyan rukunin safe duk suna kan kujerunsu, an riga an soka musu allurai, injuna suna ta juya jini. Kowa ya ɗago. Wanda bai taɓa zama a ɗakin nan ba zai ce don ɗan akwati ake wannan zare ido? Amma mutumin da zai shafe rabin yini a kishingiɗe, hannu ɗaya a miƙe ba damar lanƙwasawa, ruwa ma sai ɗan kurɓi aka yarje masa, ya san amfanin allon nan. Shi ke ɗauke ido daga kallon jininka yana zagayawa a cikin roba.

Kuma ba kyauta suke kallon ba, karo-karo suke yi duk wata. Da farko kamfani ɗaya ne, komai na cikinsa. Aka wayi gari ƙwallo ta koma wani kamfani, aka biya. Shirin nan mai dogon zango da matan ɗakin suka mutu a kansa ya kai tsakiya, sai aka ce ragowar tana wurin kamfani na uku, aka biya. Na farkon ya ƙara kuɗi, ya kuma cusa talla, ya ce wanda talla ta dame shi ya ƙara wani abu a kai. Mutanen da ke raba ɗan abin hannunsu tsakanin magani da kuɗin mota suka koma suna haɗa rajista uku don ganin abin da a da rajista ɗaya ke ba su. Daga ƙarshe aka haƙura da ƙwallo, aljihu ya gaza.

Mai karɓar karo-karon shi ne shugaban ƙungiyar marasa lafiyan, kowa Shugaba yake ce masa. Ɗan kasuwa ne mai taushin murya, a rukunin yamma yake, amma da aka buga masa waya nan da nan ya iso. Ya tsaya gaban talabijin yana girgiza kai.

"Marasa lafiya fa! Wanda zai saci kayan mara lafiya ai ya gama lalacewa. Ni dai ba na zargin kowa."

"To ni ina zargi," in ji Malama, tsohuwar malamar makaranta da ake kawowa a keken guragu. "Ranar Juma'a da yamma aka rufe ɗakin nan, sai yau aka buɗe. Wa ya shiga bayan kowa ya fita? Wa ke riƙe da makulli?"

Babu wanda ya ambaci suna. Idanu ne kawai suka koma bakin ƙofa, inda wata mata mai shara ke tsaye riƙe da bokiti.

Kafin azahar mai kula da masu shara ya hawo. A nan baranda, gaban 'yan jinya da masu wucewa, ya sa ta zazzage jakarta a ƙasa. Kwanon abinci, tsohon ɗankwali, ƙwayoyin ciwon baya, silifas ɗin yaro da maɗaurinsa ya tsinke. Babu akwati.

"Ai ba za ta dawo da shi nan ba," in ji wata murya daga cikin ɗaki.

Mai kula da su ya ce ta je gida. In akwati bai fito ba zuwa Juma'a, kada ta sake dawowa.

*

A kujerar ƙarshe jikin taga akwai wani dogon tsoho. Mai-Sawu ake ce masa. Kafin ƙodarsa ta gaza, aikinsa a gandun namun daji yake, yana bin sawun ɓarayin farauta. Mutum ne da zai dubi ciyawar da aka taka ya faɗa maka ko mai takun yana ɗauke da kaya. Ya kalli yadda aka zazzage jakar matar nan, abin bai kwanta masa ba.

Da aka cire shi, ya fito yana dafa bango. Matarsa na jiransa da makullin mota a hannu.

"Maman yara, ɗan jira ni."

"Na ga idonka tun daga ƙofa," ta ce. "Baban yara, nan asibiti ne, ba daji ba. Tayil ba ya riƙe sawu."

Ya sami mai shara a matakalar baya, a zaune, jakar a cinyarta. Ba kuka take ba. Ya zauna a hawan da ke ƙasa da nata.

"'Yata, ba tambayar ko kin ɗauka na zo yi ba. Ranar Juma'a da kika shiga, me kika tarar?"

"Abin da na saba tararwa, Baba. Auduga, robobi, jini."

"Kin duba talabijin?"

"Ina ruwana da shi? An hana mu taɓa duk abin da ke da waya. Kuma dubi tsayina, ko na yi ɗage ba zan kai ba."

"Babu abin da ya bar wurinsa?"

Ta yi ɗan tunani. "Ɗan bencin nan da ake takawa a hau sikeli. A ƙarƙashin talabijin na same shi, na mayar."

"Jinin da kika goge fa, a ina?"

"Baba, jini a ɗakin nan ai kamar ruwa ne." Ta tsaya. "Amma akwai ɗigo-ɗigo a gindin bencin. Har na yi tsaki, na ce nan kuma wa ya kawo shi, wurin da ko kujera babu."

"Kin faɗa wa ogan naku?"

"Ya tambaye ni ne?"

*

Ranar Laraba, tun kafin a gama soka masa allura, Malama ta turo masa zance daga kujerar kusa.

"An ce kana bincike. To in ba yarinyar nan ba ce, Direba ne. Da kunnena na ji shi ranar da aka yanke ƙwallo, ya ce wallahi sai ya farfasa akwatin kowa ya huta. 'Yan yamman nan dama ba su da mutunci. Sai mu tsaya a wuri a shirinmu, mu dawo mu tarar an wuce mu da nisa, an gama mana auren da muke jira, har an haihu."

"Su ne ke kallo?"

"To aljanu ne?"

"Yankewar nan da kallon yake yi fa, a rubuta wai masu kallo sun yi yawa?"

"Wannan cutar kamfani ce. Shugaba ya yi mana bayani. Shi ya sa muka ƙara kuɗi wancan watan aka hau babban tsari." Ta gyara mayafi. "Kuma bai daina yankewar ba."

Da rana ta take, 'yan yamma suka fara taruwa a benci a baranda. Mai-Sawu ya fito ya zauna kusa da Direba, wani ƙaƙƙarfan mutum da ciwo ya zuƙe, tsohon direban manyan motoci.

"An ce ka ce za ka fasa akwati."

"Na faɗa, kuma da na samu dama da na fasa! Ni ban damu da wa ya auri wa ba. Ƙwallo kaɗai nake kallo, ita aka yanke, kuma kuɗina ba a rage ba. Amma ranar Juma'a ko kaina ban iya ɗauka ba, yaya. Jinina ya faɗi, aka cire ni tun kafin lokaci, ƙanena ne ya ciccibe ni zuwa mota. Tambayi Sista."

"Shirin matan nan, ku ke wuce musu shi?"

Direba ya yi dariya har da tari. "Mu? Mu da muke cewa 'yan safe ne ke wucewa? Matan rukuninmu kullum cikin zagin su Malama suke."

Mai-Sawu ya auna maganar a ransa. Safe na zargin yamma, yamma na zargin safe. Ke nan akwai wani na uku da ke kallo da kuɗinsu, wanda ba ya cikin ɗakin.

"Kafin a fitar da kai, akwatin na aiki?"

"Yana aiki, sai can wani dogon rubutu ya rufe allon. Wai wannan na'ura ba a gidan mai rajista take ba. Har da sunan gidan a ƙasa, ban gama karantawa ba, idona na juyawa. Kamar dai sunan masauki. Shugaba ya karɓi rimot ya kashe, ya ce sabis ne."

*

Mai-Sawu ya jira aka gama ɗora 'yan yamma a kan injuna, aka ja labulen da ke raba kujeru da gefen talabijin saboda wani da ake sauya wa riga. Ya yafito Sista.

"Ara mini fitilar wayarki, 'yata, ki kuma riƙe mini bencin nan."

"Baba, yanzu fa aka cire ka. In ka faɗi ni za a tuhuma."

"Shi ya sa na ce ki riƙe."

Ya hau. Tun Litinin ƙasa yake dubawa saboda sabo, alhali ɓarawon sama ya miƙa hannu. Bayan talabijin ɗin ƙura ce kwance, sai wata doguwar shara inda hannu ya ratsa ta. Ƙarfen da ya riƙe talabijin a bango yana da wani kaifin baki a gefe. A jikin bakin nan wani abu fari ya maƙale. Ya ciro shi a hankali ya sauko.

Guntun filasta ne, da 'yar auduga a manne, jini ya bushe a jikinta ya yi baƙi.

"Mai shara tana sa filasta a hannu?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

Sista ta matso kusa. Ta karɓa ta juya shi a yatsunta, fuskarta ta canza.

"Wannan ba irin wanda muke sa wa kowa ba ne. Namu ruwan ƙasa ne. Wannan farin na takarda ne, na waɗanda fatarsu ke tashi."

"Su wa ye?"

"Malama." Ta dube shi. "Da Shugaba."

"Malama dai ba ta hawa benci."

Suka fita baranda. Sista ta jingina da bango ta rufe ido.

"Shugaba ake cirewa ƙarshe, nasa wankin ya fi tsawo. Ranar Juma'a na manna masa filasta, na tafi kai robobi wurin zubarwa. Ina dawowa na haɗu da shi a nan, ya dafe hannu, jini na bin yatsunsa. Ya ce murfin mota ne ya kankare shi, shi ne ya dawo. Na zaunar da shi na sake ɗaurewa. Har faɗa na yi masa, na ce jijiyar nan ita ce ransa." Ta buɗe ido. "Baba, mutumin nan shi ya sayo mana fanka. Shi ke shiga ofis ya yi mana magana in ruwan inji ya yanke."

"Na sani. Yana da masauki?"

"An ce yana da wani gidan saukar baƙi a bayan tashar mota."

*

Washegari babu wanki. Matar Mai-Sawu ta tuƙa shi tana mita.

"Likita ya ce ka huta ranar da ba ka kan inji."

"Ai hutawa za mu je yi. Masauki ne."

Gidan bene ne mai sabon fenti. A bakin ƙofa an kafa allo: kowane ɗaki da kallo kyauta, fina-finai da ƙwallo. Wata mata mai karɓar baƙi ta tashi ta gaishe su. Matar Mai-Sawu ta ce surukinsu ne zai zo daga nesa, suna so su ga ɗaki, kuma mutum ne mai son kallo.

"Ai kun zo gida, Mama."

Ta kai su ɗaki ta kunna talabijin. Allon ya kawo wurin zaɓar mai kallo. Ga hoton ƙwayar wake, wanda 'yan ɗakin wanki suka zaɓa da kansu don raha, wai ya yi kama da abin da ya kwantar da su. A ƙarƙashinsa an rubuta Ɗakin Ƙoda.

"Kada sunan ya dame ku," in ji matar. "Oga ne ya sa haka. Duk ɗakunan da shi muke shiga."

"Ƙwallo fa?" in ji Mai-Sawu.

Ta danna, fili kore ya cika allo. Ƙwallon da aka ce aljihu ya gaza, ga ta nan tana gudu.

"Ba ya yankewa?"

"Da yana yi. Akwai wasu can da oga ya taimaka ya ba su lambar shiga, sai su kwana a kai suna cinye mana layi, baƙi suna ƙorafi. Ka san mutane, in ka ba su kyauta ba su san ya isa ba. Amma tun ƙarshen makon da ya wuce oga ya ce ya yi maganinsu."

Matar Mai-Sawu ta dubi mijinta.

"Za mu yi shawara," ta ce, ta riga shi fita.

A mota ta daɗe ba ta tayar ba. "Kuɗin da nake cirewa daga cefane ke nan," ta ce. "Mu ne masu cinye layi."

*

Ranar Juma'a da tsakar rana, lokacin da ake cire 'yan safe, 'yan yamma kuma suna jira, Sista ta ce kowa ya shigo ciki, akwai magana. Ta aika aka kira mai kula da masu shara. Ita ma mai shara an buga mata waya ta zo, ta tsaya daga bakin ƙofa cikin kayan gida. Shugaba ya samu kujera a tsakiya ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa.

Mai-Sawu yana zaune a wurinsa, ya danne audugar hannunsa da babban yatsa.

"Ba zan ja ku da nisa ba, kowa a gajiye yake. Wanda ya ɗauki akwatin nan benci ya taka, ya zura hannu bayan talabijin. Ƙarfe ya kama filastar hannunsa ya yage, ya zubar da jini a ƙasa. Matar da kuka ce ɓarauniya ce ita ta goge jinin." Ya buɗe 'yar ledar magani ya ɗaga. "Ga abin da ya bari. Sista, na wa ye?"

"Mutum biyu nake sa wa irinsa," in ji Sista. "Ɗaya ba ta iya tsayuwa."

Malama ta dafe ƙirji. "Ni?"

"Ba ke ba, Malama."

Shugaba ya yi murmushi.

"Yaya, girmanka ne, amma filasta ai iska ma tana ɗaukarta. Ni murfin mota ne ya ji mini, Sista shaida ce."

"Iska ba ta hawa benci. Amma bar wannan. Jiya ni da maman yara mun je neman ɗaki a bayan tasha. Mun ga ƙwayar wake. Direba, mun ga ƙwallonka, tana nan lafiya, baƙi na ta kallo."

Direba ya yunƙura zai tashi, ƙanensa ya danne masa kafaɗa.

Mai-Sawu ya ci gaba. "Da kuɗinmu aka yi rajista, amma masaukinsa ya rubuta a matsayin gidan mai rajista. Baƙinsa ke wuce muku shiri, ku kuna zagin juna. Su ke cika layi, ku kuka ƙara kuɗi. Da kamfani ya fito da sabuwar dokar gida ɗaya, sai allonmu ya fara rubuta sunan masaukin ƙuru-ƙuru. In ya bar akwatin, Litinin da safe Malama za ta sa tabarau ta karanta. Shi ne ya ɗauke."

Murmushin ya bar fuskar Shugaba. Ya juya hular a gwiwarsa. Da ya buɗe baki, ba haƙuri ya bayar ba.

"To yanzu ni ne ɓarawo? Ku san abin da kamfanonin nan ke yi mana? Abu ɗaya sun yayyanka shi suna sayar mana sau uku. Kowane wata sabon farashi. In na yi wa kowane ɗaki rajistarsa, gara in rufe masaukin. Da me zan biya wankin nan? Ni ma mara lafiya ne kamarku! Kuma me kuka rasa? Kuna kallo ko ba ku kallo? Wa ya sayo fanka?"

"Kamfanonin nan ni ma ƙyamarsu nake ji," in ji Mai-Sawu. "Sun gano mutum a ɗaure yake, ba inda za shi, sai suke ta yanka. Amma su ba su san fuskarmu ba. Kai ka sani. Kana zaune kusa da Direba ranar da ya ce ya bar sayen maganin ƙarin jini don ya cika karo-karo. Kuma ko duk wannan na yafe, ranar Litinin kana tsaye a nan aka zubar da kayan matar can a ƙasa, ka ce ba ka zargin kowa."

"Ai ban ce ita ce ba."

"Ba ka ce ba."

Sai ɗakin ya ɓarke. Masu zagi na zagi, masu lissafin abin da aka ci musu na yi. Muryar Malama ta fi ta kowa tashi.

"Ni dama tun farko zuciyata ba ta kwanta da shi ba! Mutum kullum murya kamar mai lallashin jariri!"

Mai-Sawu ya kalle ta, ya kawar da kai wajen taga.

Akwatin yana cikin but ɗin motar Shugaba, a naɗe cikin tawul. Ƙanen Direba ne ya karɓi makulli ya sauka ya ɗauko. Wani jami'i ya leƙo daga ofis saboda hayaniya, aka yi masa bayani. Ya ja Shugaba gefe suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce tunda kaya sun fito, kuma mara lafiya ne, dattijo mai iyali, a rufa asiri, kada a kai maganar waje.

"Nasa asirin a cikin ɗaki za a rufa," in ji Mai-Sawu. "Nata a baranda aka tona."

Jami'in ya yi kamar bai ji ba, ya fita.

Mai kula da masu shara ya gyara murya ya dubi mai shara. "To, kin ji. Kina iya komawa aiki. Sai dai kwanakin da ba ki zo ba, kin san doka, ba za a..."

"Za a biya ta," in ji Sista. "In kamfaninku ba zai biya ba, ga wanda zai biya nan a zaune. In kuma ba haka ba, da hannuna zan rubuta abin da ya faru in kai sama."

Shugaba bai ɗago ba. Ya gyaɗa kai.

A nan take aka cire shi daga shugabanci, aka ce ya ba da lambar sirrin rajistar a canza. Amma ba a korar mutum daga wankin ƙoda. Lokacin 'yan yamma ya yi, kujerarsa na nan tsakanin ta Direba da ta wata mata da ta daina yi masa kallon mutum. Ya tashi ya je ya kishingiɗa. Sista ta jawo tiren allurai ta sa safar hannu.

"Kawo hannun," ta ce.

Ya miƙa. Ta goge wurin, ta soka allurar a hankali kamar yadda take yi wa kowa.

'Yan safe ba su watse ba. An taru ana gardamar wa zai karɓi karo-karo yanzu, da ko za a mayar da ƙwallo, da ko gaskiya ne kamfani na uku zai sake ƙara kuɗi wata mai zuwa. Babu wanda ya juya wajen ƙofa. Mai shara ta fita, ta dawo sanye da rigar aiki, bokiti a hannu. Sai a lokacin Malama ta gan ta. Ta buɗe jaka da sauri ta lalubo 'yan kuɗi ta dunƙule a hannu.

"Zo, 'yar nan. Ungo, ki sayi sabulu. Kin san shaiɗan ne, kowa yana iya kuskure."

Mai shara ta dubi hannun, ta dubi fuskar Malama. Ta tsoma mofa a bokiti ta matse.

"Ɗaga ƙafarki, Mama," ta ce. "Zan goge wurin."